Igiyar da Baba Ya Ɗaure

A ƙauyenmu na arewa da Dakoro, in an gama kaka, maigida yakan zuba damman hatsin gandu a babban rumbu, ya kifa masa jinka, ya ɗaure da igiya. Daga nan ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don da wannan hatsin za a yi noma. Maza su tafi cin rani. Tsawon rani kuwa, gida yana wuyan mace, da ɗan abin da ta samu a gamanarta, gonar da miji ya yankar mata a gefen tasa.

Shekarar da nake magana na riga na zama budurwa, ni ce abokiyar dakan Inna. Baba ya ɗaure rumbu ya nufi Agadas. Hatsin gamana bai kai mu ko tsakiyar zafi ba, muka koma kan anza, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci. Wanda bai taɓa cin anza ba, Allah ya sa kada ya ci. Sai an jiƙa ta ana zubar da ruwan ɗacin, a sake jiƙawa, duk da haka in ta sauka ciki sai ta tuna maka ita ce. Ƙannena suna ci suna kallon rumbu.

Wata safiya Inna tana shara ta ga jar ƙasa ta bi ƙafar rumbun ta hau. Gara ce. Ta kankare, ta zuba toka, washegari ta ga sabuwar hanya ta wani gefen. Ta kanga kunnenta a jikin rumbun, ta daɗe, sannan ta ɗauki mayafi ta je gidan maƙwabcinmu mai waya. Na bi ta, aka kira mata Baba.

"Malam, gara ta shiga rumbu," in ji ta. "Ka ba ni izni in hidda damman in shanya, in maida maka su yadda ka bar su."

Muryar Baba ta fito ƙarama daga wayar, amma kowa ya ji. "Gara ko yunwa? Na san dubararku ta mata. Kak ki taɓa mani igiyag ga sai na zaka."

Inna ta ce to. Wannan "to" ɗin har yau yana ci mini rai. A hanya na ce mata mu kwance kawai, wa zai sani? Ta tsaya ta dube ni.

"Ɗiyata, in na kwance, ko ƙwaya guda ban ci ba, garin ga duka cewa za a yi na cinye gandun mijina. Ke ma sai abin ya bi ki ɗakinki."

Haka muka ƙarasa rani. Ita da ta sassabe gonar nan, ta yi shuka, ta yi noma da goyo a baya, ita ce ke durƙusawa kullum tana zuba wa ƙafar rumbu toka, ba ta da ikon ɗaga jinka ta leƙa. Na ji haushin Baba, na ji nata, na ji na igiyar da ko akuya za ta iya tsinkewa.

Da hadari ya fara haɗuwa Baba ya dawo, ya rame shi ma. Ya kwance igiyarsa, ya hau, ya zura hannu. Damman sama lafiya lau. Da ya ɗaga su, sauran duk sun zama jar ƙasa da ƙaiƙayi. Ya sauko ya zauna a gindin rumbun, bai dubi kowa ba.

Na zaci Inna za ta yi magana, na ma so ta yi. Sai ta ware masu kyan ta ce iri ne, ta ɗauko faifai. Muka wuni muna farfasa ƙasar gara muna sheƙewa, muna tsintar abin da ya tsira. Ta wanke ta sake wankewa, ta daka, ta tuƙa tuwo. Ta zuba wa Baba nasa a akushi kafin na kowa, kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye.

Ya sa hannu ya fara ci. Muna jin ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙoransa. Bai nemi ruwa ba, bai ɗago kai ba, sai da ya cinye duka.