Shukar da Ba Ta Son Ƙasa

A Badaguishiri an san Asabe da tuyar ƙosai, amma abin da aka fi tsegunta ta a kai shi ne wata ciyawa da ta rataye a rumfar tsakar gidanta. Mijinta Inusa direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kai albasa Abijan. Shi ya kawo mata ita daga kurmi, manne da ɓawon itace, ya ce Turawa na ce mata orkide, kuma a bisa itatuwa take rayuwa, ba ta taɓa ƙasa. Ba a shekara ba motar ta kife da shi a hanya, aka binne shi can. Ko hularsa ba ta dawo gida ba.

Sai Asabe ta riƙe shukar. Ta huhhuje ƙwarya, ta zuba gawayi da ɓawo, ta rataye ta saman randa inda akwai ɗan sanyi. Safe da yamma takan guntsi ruwa ta fesa wa saiwoyin da ke lilo a iska. In bazara ta yi tsanani, ta jiƙa tsohon zane ta kewaye ta da shi. Ko a shekarar da aka yi fari, da mata ke dambe a bakin rijiya, ba ta fasa ba. Sau ɗaya tak shukar ta yi mata fure, fari mai ɗigon ja.

Barmo ƙanin Inusa kuwa manomin albasa ne na kirki, kuma abin ya tsaya masa a rai.

"Matar Yaya, ciyawar ga yunwa taka ji. Wa yat taɓa ganin saiwa waje?"

"Ka ji da albasarka, Barmo. Wanka ya ce ba ta son ƙasa."

"Duk abin da Allah ya yi da ganye shina son ƙasa."

Da sanyi ya shigo Asabe ta tafi Illela suna, ta ɗan kwana biyu. Tana dawowa ta iske ƙwarya wayam. Goggo, tsohuwar da ke jiran gidan, ta ce Barmo ya kai shukar lambu. Ko kaya Asabe ba ta kwance ba ta nufi fadama.

Ta same shi yana dashe. Ya miƙe yana fara'a, ya nuna mata fangalin da ke gindin rijiya. Ya ce a nan ya dasa shukar, takin tumaki ya zuba mata, ruwa kuwa kullum sai ya kwanta.

Asabe ta durƙusa ta tona da hannu. Saiwoyin sun yi baƙi, sun dame, suna wari. Ta taɓa ganye ɗaya, ya biyo hannunta.

"Mi kay yi, Barmo? Wa ya aike ka?"

"Taimako niy yi, Matar Yaya."

"Taimako! Fari bai kashe ta ba, sai kai da takinka! Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Ko don maganar ta mace ce?"

Masu ban ruwa suka ajiye guga. Ba ta ko dube su ba. Ta faɗa cikin irin albasar da yake shirin dasawa, ta yi ta tugewa hannu bibbiyu, ta ɗaure dami-dami da igiyar gugansa, ta rataye su a reshen mangwaro.

"To, ni ma na gyara maka su yadda niy iya. Ka riƙa fesa musu ruwa da baki."

Ta ɗauko shukarta. A gida ta yanke ruɓaɓɓen, ta shafa toka, ta sake ratayewa. Bai yi amfani ba, shukar ta mutu.

Bayan damina Barmo ya roƙi wani direba ya samo masa irinta daga kurmi. Ya sa riga mai kyau, ya kawo da kansa, ya tsaya bakin ƙofa yana sallama a hankali. Asabe ta karɓa, ta juya ta, ta duba saiwoyin. Lafiyayyu ne sumul. Sai ta taka zuwa turke ta miƙa wa akuya.