Alhaji Sabiru Maiturare da Jan Geron Garin Tumbi

Haihuwa da Nasaba

An haifi Alhaji Sabiru Maiturare a unguwar Awali da ke kudu maso gabashin birnin Madina, a shekara ta 1356 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1937 Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Malam Isufu Maiturare, wanda ya samu wannan laƙabi saboda sayar wa alhazai turare a Bi'ir Ali, inda suke shafawa kafin su ɗaura niyyar harami. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Hajiya Ƙaltume. Dukansu biyu mutanen Garin Tumbi ne, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Damagaram, kuma sun baro gida a ƙasa cikin shekara ta 1927 da nufin sauke farali, ba su iso Madina ba sai a 1933.

A ranar da za su taso, Hajiya Ƙaltume ta ƙulle tafi biyu na irin geron ƙauyensu a haɓar zaninta, wani jan gero mai gajeriyar zangarniya. Duk inda damina ta riske su a hanya, ko a Barno, ko a ƙasar Cadi, ko a Sudan, sai ta roƙi ɗan fili ta shuka, ta girbe, ta ware iri, su ci saura. Da suka zauna a Awali, mai lambun dabinon da take yi wa aiki ya bar mata kunya uku a gefen magudanar ruwa, a nan ta ci gaba da wannan ta'ada tata har ƙarshen rayuwarta. Ba don ci take noman ba, domin abin da take samu bai kai ya riƙe gida sati guda ba. Zangarniyar farko takan dama kunu da ita, a fara ba wa ƙaramin yaron gida, sannan a raba wa baƙin alhazai a matsayin sadaka ga abokan tafiyarsu da suka rasu a hanya.

Karatu da Aiki

Sabiru ya fara karatun Alƙur'ani a hannun wani malami Babarbare da ke maƙwabtaka da su, daga bisani aka sa shi makarantar gwamnati a shekara ta 1945. Yaro ne mai kaifin basira a fannin lissafi, mai ƙyuyar aikin gona, kuma 'yan'uwansa sun tabbatar da cewa duk lokacin da aka fita shuka shi ne na ƙarshen fitowa kuma na farkon ɓacewa. Ya kammala karatun sakandare a fannin aikin noma, amma ɓangaren injuna ya fi jan hankalinsa.

A shekara ta 1958 ya kama aiki a ofishin da ke kula da rijiyoyi da injunan ban-ruwa na gonakin da ke kewaye da birnin. Ya yi suna wajen riƙon amana da kiyaye lokaci, har abokan aikinsa suka riƙa tsokanarsa da cewa kalandar bango ita ce limaminsa. Ba su yi masa ƙage ba. Albashinsa da hutunsa da alƙawuransa duk a kan watannin Hijira suke, kuma a ganinsa tunda inji ya zo, ruwa yana fitowa rani da damina, zancen jiran lokacin shuka ya zama tarihi.

Aure da Zuriya

Ya auri Hajiya Safiyatu, 'yar wani manomin dabino na garin Badar wanda asalinsa Bakano ne, a shekara ta 1962. Mace ce mai kawaici da tsimi, kuma ta shaƙu da surukarta ƙwarai, ita ce mai riƙe mata ƙwarya idan za a fita shuka. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar, kuma kamar yawancin tsararrakinsu na Madina, suna jin Hausa sarai amma da Larabci suke mayar da amsa.

Rasuwar Mahaifiyarsa da Gadon Iri

Hajiya Ƙaltume ta rasu a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 1388, wato Yunin 1968, jim kaɗan bayan ta gama shukar wannan shekara. Ta bar wa Sabiru wasiyya guda ɗaya, cewa kada irin Garin Tumbi ya yanke a hannunsa. Ya ɗauki wannan wasiyya da muhimmanci, domin yana matuƙar ƙaunar mahaifiyarsa, kuma rasuwarta ta girgiza shi. Sai ya yanke shawarar cewa daga wannan shekara, za a riƙa yin shukar ne a ranar sha biyu ga Rabi'ul Awwal, watan da ta yi shukarta ta ƙarshe kuma ta koma ga Ubangijinta, watan da dama yake da daraja a wurin kowane Musulmi. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma a nan kuskuren ya shigo.

Ba wai bai san cewa watan Hijira yana zagaya rani da sanyi ba, wannan ko yaro ya sani. Abin da ya ɗauka shi ne geron ba ruwansa da yanayi muddin inji yana ba shi ruwa. Shekarun farko ba a ga wani bambanci ba. Zuwa 1974, da watan ya matso ƙarshen Maris, zangarniyar ta fara tsumburewa, sai ya ɗora laifin a kan gishirin da ke cikin ruwan rijiya. Shekara mai biye ya ɗora a kan tsuntsaye. A wannan tsakani ya bi masaukan alhazan Nijar yana cigiyar irin, aka shaida masa cewa farin da aka yi ya watsa mutanen Garin Tumbi, kuma babu wanda ya san inda za a ƙara samun wannan jan gero. Ashe abin da ke cikin ƙwaryar Safiyatu shi ne ya rage, kuma kowace shekara raguwa yake yi.

Tafiya Ƙasar Ayaland

A watan Satumba na 1979 ofishinsu ya tura shi kwas na shekara guda a kan sarrafa ruwan ƙarƙashin ƙasa, a wani gari da ke yammacin ƙasar Ayaland. An sauke shi a gidan wata dattijuwa mai suna Nula, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka tafi cin rani ƙasashen waje. Kirista ce mai riƙo da addininta, amma tare da haka tana kiyaye wasu al'adu da ta ce sun gado daga Keltawa, kakannin mutanen ƙasar, waɗanda suka raba shekara gida huɗu bisa tafiyar rana da halin ƙasa.

A jajiberin ɗaya ga Nuwamba, lokacin da suke ɗauka a matsayin shigar rabin shekara mai duhu, ya ga ta share murhu, ta kunna kyandir a taga, ta ambaci sunayen mamatanta ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Sabiru bai shiga cikin abin da ya saɓa wa aƙidarsa ba, ita ma ba ta taɓa neman ya shiga ba, sai dai ya riƙa lura, kuma ya ce abin ya tuna masa da mahaifiyarsa da sadakar kununta. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne gidan akwai wutar lantarki da talabijin da na'urar ɗumama ɗaki, amma duk wannan bai hana ta duba sararin sama da gindin shinge kowace safiya ba, don ta ga abin da ya tsiro.

Ranar ɗaya ga Fabrairun 1980 ta yanko ciyawar bakin rafi ta yi saƙa ta rataye a kan ƙofa, ta je wata tsohuwar rijiya ta yi addu'arta, ta ce yau ƙasa ta fara farkawa. Da ya tambaye ta ko za ta yi shuka ke nan, sai ta yi dariya ta ce ƙasar ta farka amma ba ta yi ɗumi ba tukuna, wanda ya binne iri yanzu ya binne shi ke nan. Wannan rana ta faɗo cikin Rabi'ul Awwal. Nan take ya tuna da sanyin asubar Madina a irin wannan lokaci, ya tuna cewa ya bar wa iyalinsa umarnin su shuka duk abin da ya rage. Hankalinsa ya yi mummunan tashi, ya fita cikin yayyafi zuwa gidan waya, ya buga gida.

Hajiya Safiyatu ta ce masa, "Khalas, ai an gama, Alhaji, mun shuka tun shekaranjiya kamar yadda ka ce." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa ban zuba duka ba. Na rage tafi ɗaya a kwalbar turaren Baba Isufu, don wallahi raina bai kwanta da shukar nan ba." Shukar wannan shekara ba ta yi ko zangarniya ɗaya mai ƙwaya ba.

Ya ƙarasa kwas ɗinsa yana ganin sauran ranaku biyu daga cikin huɗun da Keltawa suka raba shekara da su. A farkon Mayu an watsa furanni a bakin ƙofofi don tarbar lokacin ɗumi, a ƙarshen Yuli kuma mutanen garin suka hau wani tsauni don murnar amfanin gona na farko. Wannan ya zo cikin Ramadan, a ƙasar da rana ba ta faɗuwa da wuri, kuma dattijuwar ta haƙa dankalin farko na lambunta ta ƙi ci, ta jira shi har ya sha ruwa suka ci tare. Ya riƙa ambaton wannan karamci har ƙarshen rayuwarsa.

Dawowa da Gyaran Kuskure

Ya dawo Madina a watan Satumba na 1980. Da Rabi'ul Awwal na 1401 ya kama a tsakiyar sanyi, sai ya hana a taɓa kwalbar, lamarin da ya jawo masa surutu a dangi, wasu na cewa ya yi watsi da watan mahaifiyarsa, babban ɗansa Abdussamad kuma ya tambaye shi kai tsaye ko al'adar Nasara ya kwaso. Amsar da ya ba shi gajeriya ce: "Ya waladi, ɗana, ban kwaso komai ba. Na je can ne na tuno abin da kakarka take yi a gabana ina hamma."

Abin da ya tuno shi ne, Hajiya Ƙaltume ba ta taɓa tambayar ko wane wata ake ciki ba. Idan zafi ya tsananta takan fito bayan sallar asuba ta dubi gabas, ranar da ta hango taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza, manoman Awali kuma ke kira Surayya, sai ta ce damina ta kusa sauka a gida, a ɗauko ƙwarya. Ya jira har Yunin 1981, cikin Sha'aban, ya ga fitowar Kaza da idonsa, sannan ya shuka rabin abin da ke cikin kwalbar, yana fargabar cewa irin ya daɗe a ajiye. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya tsiro, amma wanda ya tsiro ya yi tsayi ya fitar da jar zangarniya cike da ƙwaya. Autarsa Zinariya ce aka fara ba wa kunun wannan shekara, kuma iyalinsa sun ce ranar ce kaɗai suka taɓa ganin hawayensa.

Shekarun Ƙarshe

A shekara ta 1984, sakamakon faɗaɗar birni, magadan mai lambun suka sayar da filin aka yi gine-gine. Alhaji Sabiru ya fasa simintin bayan gidansa ya yi kunya uku, ya kuma kai wani kaso na irin ga surukansa a Badar, domin kada ya sake zama a hannu ɗaya. Ya ajiye aiki a 1986 saboda ciwon ƙoda, ya shafe sauran kwanakinsa tsakanin Masallacin Annabi da bayan gidansa, yana koya wa Zinariya yadda ake gane Kaza, yana faɗa da Hausa tana amsawa da Larabci.

Wafati

Allah ya yi masa rasuwa a watan Jimada Ula na shekara ta 1409, daidai da Disambar 1988, cikin tsananin sanyi. Kafin cikawarsa ya tara iyalinsa ya yi musu wasiyya, ya ce su yi masa addu'a a kowane wata suka ga dama, amma kada ƙaunarsa ta sa wani ya shuka geron a watan da ya mutu. An yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a, inda iyayensa suke.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Safiyatu da 'ya'ya biyar: Abdussamad, malamin makaranta a Madina, Mahmudu, direban motocin alhazai a Bi'ir Ali, Fatna, da ke aure a Badar, Aishatu, ma'aikaciyar jinya, sai Zinariya, wadda kwalbar take hannunta. Ta bar watan rasuwarsa ya wuce ba ta buɗe ta ba, ta jira har Zulƙida, da Kaza ta fito sannan ta shuka irin, geron kuma ya tsiro. Allah ya jiƙansa da mahaifansa, ya sa Aljanna ce makomarsu.