Irshad da Rigar Akwati

Ranar da maigidana ya rasu, wayar gidanmu a mace take. Irshad Khokhar, ma'aikacin waya na unguwarmu a Multan, ya hau turken waya da tsakar rana, sanƙonsa na sheƙi, ya haɗa layin har na sanar da dangi. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Albarkacin wannan nake haƙuri da shi, don mutumin nan akwai taurin kai.

Da 'yata Rubina ta haihu a Sharja, ta sa aka kawo mini wani ɗan akwati mai ƙyafta korayen idanu. Irshad ya ce ta tsohuwar wayar nan talabijin zai shigo, magana ta shigo, har in ga jikana duk Juma'a. Na ce ikon Allah.

To ni a gidana ba abin da ke zama tsirara. Keken ɗinki da rigarsa, tulu da rigarsa. Na saƙa wa akwatin tasa, mai kauri, da furanni. Ran Juma'a Rubina na ɗago jaririn, hoton ya sandare. Kunnensa kaɗai na gani.

Irshad ya zo, ya ɗaga rigar da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya ce in taɓa akwatin. Zafi kamar kaskon gasa gurasar roti. Wai ta hujojin nan yake numfashi.

Na ce, "Ɗan nan, abin da ba rai ina shi ina numfashi?"

Ya ce, "Khala," wato inna, "shi ma ɗan Multan ne, zafi yake ji."

Ya cusa rigar a jakarsa ya tafi. Na saƙa mara nauyi, ya ɗauke. Na yi ta leshi, ya ɗauke, ko kunyar furfurata bai ji ba. Yaro na can yana girma, ni daga kunne sai ƙafa.

Wata Juma'a ya zo ba a kira shi ba. Ya tuɓe wa akwatin sabuwar rigar da na sa masa, ya juya masa fankata, ni ya bar ni da gumi. Sai ga jikana ɗungurungum, da hancin kakansa sak. Na ja mayafi na rufe fuska.

Na kawo masa lassi, kindirmonmu mai sanyi. Ya shanye, ya shafa sanƙonsa.

"Khala, akwatin nan ki bar shi tsirara don Allah. In hannunki ya ƙi zama, ga kan da rana ke dafawa a kan turke. Ki saƙa masa hula."