Dutsen Wuyan Kaka Ige

Ranar da Kaka Ige ta yi mana tatsuniyar Ƙaiƙayi, akwai ni, da ƙanena Garba, da Delu ɗiyar kawuna, sai Innarmu can gefe tana juya kifi a kan banda. A tungarmu ne ta bakin ruwa, ƙasar Ngaski, lokacin ɗari, bayan an ci tuwo.

Kaka ba ta fara magana sai ta ciro dutsen wuyanta, wani mai launin ruwan zuma mara nauyi da ta samu wurin Fulani. Ta goga shi a buzu, ta miƙa shi kan ƙaiƙayin dawa. Daga nesa, shiru. Tana matsowa sai ƙaiƙayi ya yi tsalle ya manne. Garba ya ce aljani ne. Ta ce, "Aljanin gidanku. Rufe baki ka ji."

Wai Ƙaiƙayi ɗiyar Dawa ce. Uwarta ta hana ta kusantar baƙo mai sheƙi. Ƙaiƙayi ta ce kallo kawai za ta yi. Ta matsa kaɗan, ta ƙara matsawa, sai ga ta manne a jikinsa. Ya shiga jirgi da ita, tsakiyar gulbi ƙarfinsa ya huce, ta faɗa ruwa. Kaka ta nuna ni da dutsen. "Ke mai ido, kin gani? Daga nesa bai iya komi."

Da wannan na reni 'ya'yana, kuma ba wanda ya faɗa ruwa.

Bana jikata Hauwa'u ta samu gurbin ƙarin karatu a wata jami'a mai nisa. Ubanta ya ce sai abin da na yanke. Na ciro dutsen, wanda yanzu yana wuyana, na goga, na ɗauki ƙaiƙayi a gabanta.

Ta yi dariya. "Inna, ai abin ga shi za ni in karanta. Lantarki ne. In dutsen ya matso, abin da ke cikin ƙaiƙayin juyowa yake ya fuskance shi."

"To wa ke jan wa?"

"Juna suke ja, daidai wa daida. Don ƙaiƙayin bai da nauyi ne kike ganin shi kaɗai ke tashi."

"Ke nawa ne nauyinki?"

"Ke kika auna min, Inna."

Ban taɓa shiga aji ba, amma na san magana in ta yi tsaye. Kaka ta koya mana tsoron kusanta, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai wanda ke tashi sama shi ne mara nauyi, ni kuwa ban reni ƙaiƙayi ba.

Da gari ya waye na ɗaura mata dutsen a wuya, na ce wa ubanta ya kira mai mashin ya kai mu tashar Yelwa. Ni na riƙe mata jaka.