Ranar Da Inna Ta Yi Wa Hawan Jini Guɗa

Innarmu ta yi rabin rayuwarta tana neman jini. Tun haihuwar autanmu, lokacin da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin jini, maganar likita ta zauna mata daram a ka: "Ba ki da jini." Daga nan gidanmu bai sake rabuwa da zogale da hanta ba. Kifin kogi kuwa, in dai ya shigo kasuwar Haɗejiya, sai ya biyo ta tukunyarta ya sha gishiri da dunƙule. Kullum da safe sai ta ja fatar idonta a gaban madubi ta ga ko cikin ya yi ja.

Wata rana ta raka matata awon ciki. Inna tana zaune dafe da ƙeya, sai wata malamar asibiti ta ce ita ma ta kawo hannu. Aka ɗaura mata abin awo, aka hura, aka sake hurawa.

"Inna, jininki fa ya hau sosai."

"Alhamdu lillahi!" in ji Inna.

Matata ta ce tun daga zaure ta rangaɗa guɗa. Washegari aka toya waina aka raba wa maƙwabta sadaka. Ƙwayoyin da aka ba ta kuwa, ta cusa su cikin wata tsohuwar samira.

Na dawo daga Malam Madori, inda nake koyarwa, na tarar da wannan labari. Ni ma sai da nawa jinin ya hau. Na yi ta zuba bayani har da su jijiya da zuciya, ita kuwa tana ta gyaran wakenta.

"Shi maganin, aikin me yake yi?"

"Saukar da jinin zai yi, Inna."

"Jinin da na yi shekara da shekaru ina tarawa? Kai da ka yi boko sai ka sha."

Dariya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta yawa, don na san ciwon nan ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

Lokacin noman rani ne, muna ba tattasai ruwa a fadama. Ran nan Inna ta biyo ni za ta tsinki yakuwarta da ke gefen gona. Inji yana jan ruwa daga kogi, ni ina riƙe da tiyo, sai dabara ta faɗo mini. Na kira ta, na matse bakin tiyon. Ruwan da ke zuba a hankali ya yi tsartuwa har bayan kunya.

"Inna, ruwan ƙaruwa ya yi?"

"Ina fa, matse shi ka yi."

"To naki ma ba yawa ya yi ba. Hanyarsa ce ta matse, yake tafiya da ƙarfin tsiya."

Ban rufe baki ba tsohon tiyon ya fashe ta wajen da muka ɗaure da roba, ya jiƙa ta sharkaf tun daga ɗankwali. Ta yi ta dariya tana ce mini ja'iri. Can sai ta tsaya tana kallon inda ya yage.

"Na Yaya ma haka ya yi?"

Yayarta take nufi, wadda ɓarin jikinta ya shanye tana tsakar alwala, kowa ya ce iska ce ta buge ta. Na ce mai yiwuwa ne.

Da muka koma gida ko kaya ba ta sake ba, ta zaro maganinta ta haɗiya. Gishiri ma ta rage shi, ko da yake har yau tana yi wa miyarta kallon tausayi. A makon nan ta sa na ɗauko mota muka kai yayar tata asibiti. Aka auna, nata ya fi na Inna hawa, aka ɗora ta a kan magani ita ma.

A hanyar dawowa suna zaune a baya, Inna tana murza mata hannun da ya shanye.

"Yaya, ashe duk turaren da muka yi ta banka miki, babu aljani ko ɗaya a ɗakin."

Tsohuwar ta kama dariya da rabin bakinta, har hawaye. Rabona da jin dariyarta tun kafin ta faɗi.