Yaran Ɗansoshiya Sun Dawo

A bencin wani ƙaramin asibiti a Kiru, Delu na jijjiga jikarta tana kallon wata mata ta taga. Siririya ce, mayafinta ya zame, tabaranta ɗaure da zare. Biro na bakinta, yatsunta masu lalle suna ta rawa a kan kwamfuta. Delu na ayyanawa a ranta, wannan ko tuwo take tuƙawa hankalinta na kan lambobi.

Direban motar rigakafi ya leƙa wajen matar. "Hajiya, rana na yi, ƙanƙarar allurai na narkewa."

"Yi haƙuri, Malam Sadiq. A kwamfutar nan jadawalin iyaye daban, na yara daban. Ina haɗa su, yaran ƙauyen Ɗansoshiya suka ɓace."

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Sai ta yi zumbur, kujera ta faɗi.

"Sifili! An tsallake sifilin farko a lambar iyayen!"

Tana gyarawa sunaye suka zubo. Ta juyo tana neman wanda za ta gaya wa, sai ta hango Delu ta taga.

"Iya, sun dawo! Dukansu!"

Delu ba ta san inda suka je ba, amma ta ɗaga hannu. "Alhamdu lillahi, 'yar nan. Barka da arziki!"