Ranar da Baba Audu Ya Yi wa Ciyawar Roba Aski

Akwai ranar da har gobe ba ta fita a raina, kuma ku sababbin ma'aikata gara ku ji labarinta daga bakina kafin a ba ku shi da ƙarin gishiri. Ita ce ranar da aka kira mu Maitama aka ce mu zo maza, ciyawar robarmu ta tsiro.

Bari in fara daga tushe. A lokacin mu uku ne kacal a wannan kamfani: Madam Laraba mai wurin, direba, sai ni Habu. Muna nan gefen titi a Tungan Maje muna sayar da furanni da ciyawar gaske, wadda ake yankowa da ƙasarta a dasa a tsakar gida. Da mai ya yi tsada, masu manyan gidaje suka fara ƙyashin kunna janareto don ban-ruwa kawai, ciyawa ta riƙa bushewa, ciniki ya tsaya cak. Madam mace ce mai ido. Ta sayar da rabin furanninta ta sayo naɗin ciyawar roba, ta ɗinka mini riga mai tambari, ta ce daga yau ni ne supabaiza. Supabaizan wa? Oho. Amma na sa rigar, kuma kaina ya kumbura.

Aikinmu na farko babba shi ne gidan wata Hajiya a Maitama. Ni aka tura in yi bayani. Na shimfiɗa samfur a gabanta, na gyara wuyan riga, na kwararo kirarin da na kwana biyu ina haddacewa: “Ranki ya daɗe, wannan ba ruwa, ba yanka, ba mai lambu!” Har da buga ƙafa na yi a kan ta ƙarshen.

Ashe a bayana akwai wani dattijo tsaye da tiyon ban-ruwa a hannu. Baba Audu ke nan, mutumin Abaji, shekara ashirin da biyu yana lambun gidan. Na juya muka haɗa ido, na ce, “Sannu Baba.” Ya ce, “Yauwa, oga supabaiza.” Ban kawo komai a raina ba, wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa mai lambun da na ce babu, shi ne wannan ba.

Ga yadda ake aikin, don waɗanda ba su taɓa fita da mu ba. Ana kankare ciyawar gaske tas, a zuba tsakuwa ƙanana, a bi da yashi, a daddanne. Sai a shimfiɗa robar, a haɗa baki da baki da gam, a kafe gefe da ƙusa, a watsa yashi mai laushi a sama, a taje da buroshi har gashinta ya miƙe. Kwana huɗu muka yi. Duk kwanakin nan Baba yana zaune kan bokiti a gindin mangwaro yana kallon yadda muke kwashe ciyawarsa a baro. Da muka gama, Hajiya ta yaba, ta tafi Umara.

Sati uku da ’yan kwanaki, wata Litinin da hantsi, Madam ta fito daga shago da waya a kunne tana cewa, “Ta me? Ta tsiro? Hajiya, roba ce fa!” Ta kashe wayar ta dube ni. “Habu, ɗauko rigarka.”

Mun isa wajen ƙarfe goma sha biyu. Tun daga get na ji ƙaurin roba. Da muka shiga, Madam ta dafe kai ta ce, “Yesu Almasihu!” Ni kuwa salati na yi ta ja.

Jama'a, fili ne kore shar, amma a kansa ga alayyafo ya kai tsawon taƙi, ga ƙananan tumatir, ga wani karan masara guda ɗaya a tsakiya ya miƙe abinsa. Sannan ga wasu layuka biyu dogaye, daga bakin baranda har gindin katanga, an aske su ƙwal, baƙin ƙasan robar yana sheƙi a rana. A ƙarshen layi na biyu injin yankan ciyawa ne a tsaye, bakinsa cike da koren zare, yana hayaƙi. Baba Audu na gefensa, ya cire hula.

Hajiya na baranda da carbi, daren jiya ta dawo. Ta ce, “Madam, ɗayan biyu ne. Ko dai kun sayar mini da jabu, ko kuma wani ya yi mini ɓarna a gida. Wanne ne?”

Na durƙusa na ɗebo abin da ke tsakanin gashin robar na shinshina. Takin shanu ne, mai kyau kuwa. Duk wanda ya yi lambu ya san taki na zuwa da iri a cikinsa, in ya sami ruwa ko a kan kwanon rufi ne sai ya tsiro. Na miƙe, bakina na ƙaiƙayi, zan wanke kamfaninmu tas. Baba ya riga ni.

“Hajiya, ni ne,” in ji shi. “Daga Abaji na sa aka kawo mini takin, buhu uku.”

“Baba, taki a kan roba?”

“To, ranki ya daɗe, oga supabaiza ya ce ba ta son mai lambu. Na ce bari in gwada ta, ko ba a tambaye ta ba ne. Na ba ta ruwa safe da yamma, ta sha. Na ba ta taki, ta karɓa. Da na ga ta fara fito da ganye, wallahi har rawa na taka, na ce ashe aikina na nan. Yau na ce bari in gyara mata fuska kafin ki fito, sai injin ya kama ta da kokawa.”

Direbanmu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni ma dariyar ta taso mini har maƙogwaro. Sai Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Baba, da ma ƙarshen watan nan na yi niyyar sallamarka da alheri, tunda wannan yaro ya ce ba a buƙatar mai lambu. Yanzu kuma ga wannan.”

Nan dariyar ta koma ciki. Baba na ta murza hularsa a hannu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don na gane ba injin ne ya jawo wannan ba, bakina ne. Mutum ya shekara ashirin da biyu yana buɗe famfo da asuba, ni na zo da rigar tambari na kore shi da kalma uku.

Madam Laraba ta gyara ɗaurin zanenta. Ta ce, “Hajiya, don Allah ki sauko. Cire takalmi ki taka nan.”

“In taka me?”

“Ki taka kawai, Ma.”

Rana tana tsaka, kun san ranar Abuja a watan zafi. Hajiya ta zare takalmi ta ɗora ƙafa a kan robar. Kai! Ban san mace mai shekarunta na iya tsalle haka ba. Carbi ya yi gabas, ita ta yi yamma, tana “Innalillahi! Wuta kuka shimfiɗa mini?”

Madam ta ce, “Baba, kawo tiyo.” Baba ya ruga kamar saurayi, ya fesa ruwa a wurin. Ta ce a sake takawa. Hajiya ta taka a tsorace, sai ta ji sanyi. Baba ya dube ni ya ce, “Ai na faɗa, tana jin ƙishi.”

Daga nan Madam ta jero abin da ni na ɓoye don ciniki ya faɗa. Roba tana zafi da rana, sai an fesa mata ruwa kaɗan kafin jikoki su fito wasa. Gashinta na kwantawa, sai an taje shi da buroshi. Ganyen mangwaro in ya ruɓe a kanta wari yake yi. Kashin tsuntsu da na kyanwa ba ƙasa a ƙarƙashi da za ta shanye, sai an wanke. Ta ce, “Laifinmu ne, Ma. Mun kawo kaya ba mu koya wa mai kula da shi ba. Gyaran nan a kanmu yake. Amma in kin sallami Baba, wata uku wurin nan zai koma bola.”

Hajiya ta juyo kaina. “Kai ba kai ka ce ba mai lambu ba? Har da buga ƙafa?”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ƙarya na yi. Bakina ne ya fi ni sauri.”

Sai ta juya ta ce wa Baba ya mayar da hularsa, kuma ya kulle injin nan a sito kada ta sake ganinsa. Alayyafon kuwa ta ce kada a zubar, a kai wa mai girki.

Kwana biyu na yi a durƙushe cikin rana ina yanke layukan da aka aske ina liƙa sababbi. Wannan karon ni ne a ƙasa, Baba a tsaye a kaina yana cewa, “Oga supabaiza, nan gefen bai kwanta ba.” Da na gama, Madam ta miƙa masa buroshi sabo, ta nuna masa yadda ake tajewa. Kafin la'asar ya fi ni iyawa.

Abin da ba mu zata ba shi ne, masu lambun Maitama duk sun san juna, kuma labari ya zaga cewa kamfanin Madam Laraba ba ya sa a kori mutum. Da can, ashe, in mai sayar da roba ya zo get, su ne ke sa maigadi ya ce oga ba ya nan. Mu kuwa sai suka riƙa kai katinmu ciki da hannunsu. Yawancin gidajen da kuke zuwa yanzu ta hanyarsu muka samu, kuma shi ya sa dokar kamfanin nan ta ce ba a barin gida sai an zauna da mai lambu an koya masa, an ba shi buroshinsa.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan: sabon kaya yana shiga gida ne inda wani ya riga shi zama, kuma in kana kirari, fara waiwayawa ka ga wa ke tsaye a bayanka. Kwanan baya na leƙa gidan. Baba ya ja ni bayan ɗakin janareto, inda ya keɓe ’yar ƙasa da ba ta fi tabarma ba. Ya yanko alayyafo dami guda ya danƙa mini, ya ce, “Kai wa iyali, oga supabaiza. Wannan ƙasar ba ruwanta da kai, mai lambu take so.”